Ban Yarda A Ɗora Mini Muryar Wani Ba

Ina da shekara ashirin da ɗaya na fara tsayawa gaban kamara, kuma a kan mashin aka tsince ni. Okada nake yi tsakanin Shabu da cikin garin Lafia. Da safe in kwashi ɗaliban aikin gona, da rana kuma matan da suka taso daga kasuwa da buhun agushi da jarkar manja. Ranar Asabar bayan la'asar nakan jingine mashin in shiga wani ajin firamare inda muke da ƙungiyar wasan kwaikwayo. Wata malamar makarantar ce shugabarmu. Ita ke rubuta mana labari a littafin 'yan makaranta, mu haddace, mu yi wasanmu a gaban bencina babu kowa a kansu. Anti muke ce mata dukanmu, har waɗanda suka girme ta.

Mu Gwandara ne. A gida yarenmu muke yi, a waje kuma Hausa, irin wadda kowa ke yi a Lafia, da Alago da Eggon da Tibi da Bafillace. Hausa ce da ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Yarinya ya zo, mota ya lalace, kowa ya gane kowa, a yi ciniki a rabu lafiya. Ban taɓa sanin akwai abin dariya a cikinta ba sai ranar da na ɗauko wani mutum mai farar shadda a bakin wani masauki.

Darakta ne daga Kano. Da damina suka zo shi da mutanensa, suna neman wuri mai kore da za su ɗauki fim, motarsu kuma ta ƙi tashi. Ya ce in kai shi wata gona a hanyar Doma. Muna tafe yana tambayata, har ya ce ko ina da iyali.

Na ce, "A'a, oga. Ƙanwana dai ya yi aure bara, har ya haihu."

Ya kwashe da dariya har mashin ya yi tangal-tangal. Ya ce, "Don Allah sake faɗa."

Na sake faɗa, ya sake dariya. Kafin mu isa gonar ya ba ni aiki. Mai gadi zan fito, in buɗe ƙofa, in yi magana biyu. Da aka ɗauka, mai riƙe da kamara sai da ya juya baya saboda dariya. Ni kuwa na koma gida ina jin na iya wasa.

Bayan wata biyu aka kira ni Kano. Daga nan na zama mai gadi, na zama ɗan aike, na zama direban da ba ya gane kwatance. Kullum riga ta yi mini kaɗan, hula a karkace. In na faɗi magana yadda nake faɗinta a gida, sai daraktan ya ce bai isa ba, in ƙara karya ta. Na ƙara. Har na fara yin wata irin Hausa da babu mai yin ta a Lafia ko a ko'ina, don dai a yi dariya. A fim na uku dabara ta ƙare mini, sai na ɗauko ta babana.

Babana manomin doya ne, kuma da kansa yake kai ta kasuwa, ba ya ba dillali. Mutum ne da in an yi rigima a layin 'yan doya shi ake kira ya raba. In mai saye ya taya da raini, ba ya faɗa. Sai ya sunkuya ya ɗauko ƙatuwar doya da hannu biyu, ya miƙa masa, ya ce, "Wannan ba na wasa ba ne. Ɗaga shi ka ji." Tun ina yaro nake jin maganar nan, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɗaga bai ƙara tayi ba.

Ita na sa wa mai gadina a baki. Da sunkuyawar, da hannu biyun, da yadda yake ɗan karya wuya. Mai gadin yana faɗinta a kan komai, a kan takalmin baƙo, a kan kwanon tuwo, har a kan jaririn maigidansa. Fim ya fita, maganar ta kama gari. Mutane suka yanko wurin suna tura wa juna a waya. A tasha a Kano wasu samari suka tsayar da ni muka ɗauki hoto. Na sayi sabuwar shadda da baƙin tabarau, na hau mota zuwa gida don a gan ni.

Ranar kasuwa na isa, don haka na wuce layin 'yan doya kai tsaye in gaishe shi. Tun daga nesa na ji 'yan dako suna ihu, "Ɗaga shi ka ji! Baba, ɗaga shi ka ji!" Na ɗauka ni suka hango. Da na matso sai na ga ba ni suke kallo ba. Babana na zaune a kan kujerarsa ta katako, ya haɗa hannu a kan gwiwa. Wata mata tana taya doya, shi kuma bai ce mata uffan ba. Maƙwabcinsa na rumfa ne ke yi masa cinikin, in an faɗi kuɗi ya waiwayo, babana ya gyaɗa kai ko ya girgiza.

Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da yarenmu a hankali. Na cire tabarau na sa a aljihu. Da kasuwa ta watse na goya shi a mashin ɗin wani abokina. Mun wuce gidajen ƙarshe na gari kafin ya yi magana, da Gwandara, bakinsa kusa da kunnena.

Ya ce, "Da na san bakina kake kaiwa Kano ka sayar, da na ba ka doya ka kai."

Muka isa gida. Mamata ce ta gaya mini mako uku ke nan bai yi Hausa a gaban mutane ba. In ya buɗe baki, ko gaisuwa ce, sai wani ya ƙyalƙyale.

Kwana huɗu na yi na koma Kano. Na hau benen da ofishin daraktan yake, na ce masa na gama da mai gadi. Na shirya faɗa, amma sai ya yi murmushi, ya ce in zauna, dama yana nemana. Ya ce ya daɗe yana kallona, ina da tsayi, ina da fuska, idona yana magana ko na yi shiru. Akwai wani babban fim na soyayya da zai fara, kuma ni yake so in ja shi. Murna ta kama ni. Sai ya nuna mini wani mutum da ke zaune a gefe, mai gabatar da shiri a rediyo, mai ladabi ƙwarai, wanda har ya tashi ya ba ni hannu.

Daraktan ya ce, "Kai za ka yi wasan, shi zai yi maganar. Ka motsa baki kawai, in mun zo tacewa mu ɗora muryarsa. Mun ma gwada, zo ka gani."

Sun ɗauko wani wuri daga tsohon fim inda nake tsaye ina kallon nesa, sun ɗora maganar mutumin a kai. Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi kyau. Murya ce mai sanyi, kowace kalma a wurinta, tana fita daga bakina kamar an haife ni a cikin badalar Kano. Na kalli kaina na ga jarumi. Na ce a sake kunnawa, aka sake. A karo na biyun ne na gane fuskar ce kawai tawa, bakin na wani ne.

Na ce, "Yallaɓai, in zan ja fim, da bakina zan ja shi."

Ya ce, "Ɗan Lafia, ka yi tunani. Wa zai yarda budurwa ta zauna tana kuka saboda mutumin da ke ce mata 'kai'?"

Na ce, "A garinmu suna yi. Uwata ma irinsa ta aura."

Mai rediyon ya sunkuyar da kai. Daraktan ya daina murmushi. Ya ce shi ya ɗauko ni daga kan mashin, kuma akwai samari cike da titin nan da za su yarda a cire musu harshe gaba ɗaya don su samu abin da yake ba ni. Na ce na sani, na kuma gode da ɗaukowar, amma mashin ɗin yana nan inda na bar shi. Na sauka daga benen.

Wata tara na yi a kan okada bayan haka. Su ne watanni mafi tsawo da na sani. Abokan layin okada suka sa mini suna jarumi, in fasinja ya zo su ce a bar wa jarumi ya samu na mai. Ɗalibai su hau bayana su gane ni, su ce don Allah in yi musu maganar nan sau ɗaya su ɗauka a waya. Na ƙi yi wa kowa. Wata ta matsa mini tun daga ƙofar makaranta har na tsaya a gefen titi na ce ta sauka, ba na son kuɗinta. Ta sauka tana cewa girman kai ne ya dawo da ni.

A cikin watannin nan na yi wani abu da ban gaya wa 'yan layi ba. Na je wurin Anti na ce ta koya mini Hausar littafi. Ta dube ni ta ce, "Ka canza shawara ke nan?" Na ce a'a, so nake ranar da na ƙi yi, kowa ya san ƙi na yi, ba kasawa ba. Kullum bayan azahar, lokacin da rana ke korar fasinja daga titi, sai in zauna a barandar ajinta da tsofaffin littattafan karatu. Ina karantawa da ƙarfi tana tsayar da ni. Kujera mace ce, tebur namiji, ban san wa ya raba musu haka ba, amma na haddace. In ina tuƙi kuma rediyo na kunne, ina maimaita abin da mai labarai ya faɗa.

Ita kuma tana nata rubutun. Wata Asabar ta zo da littattafai uku cike, ta ce ga labari, kuma babu mai gadi a ciki. Labarin wani saurayi ne manomin riɗi wanda yayansa ya rasu a hatsarin mota, ya bar masa gona da mata da yara biyu, ga kawunsu yana so a sayar da gonar a yi bulo. Ta ce kowa ya yi magana yadda yake yi a gidansu, kada wanda ya gyara, kada kuma wanda ya ƙara gishiri. Ta ce ni ne saurayin.

A ƙauyen Ashige muka ɗauka, a gonar dangin ɗaya daga cikinmu. Kamarar wani mai ɗaukar hoton biki muka ara, sai ranar da ba shi da biki muke samunta. Wani ɗan ƙungiyarmu da iyayensa ke kiwo a bayan Shabu ya fito a maƙwabcin gona, ya zo da shanunsu na gaske, ɗaya ta cinye mana rabin shafi na labarin. Ruwan sama ya kore mu sau da yawa har na daina ƙirgawa. Akwai wurin da zan shiga gida in gaya wa matar yayana cewa mijinta ya rasu. Abin da Anti ta rubuta kaɗan ne: "Mota ya faɗi a gada. Yaya ya tafi. Gona yana nan, ni ma ina nan, ba wanda zai taɓa ku." Sau biyar muka ɗauka, domin duk lokacin da na ce "mota ya faɗi" sai in ji ina jiran dariya, fuskata ta lalace. A na biyar Anti ta zo ta tsaya kusa da ni ta ce, "Ba Kano kake ba. Gaya mata mijinta ya mutu." Na gaya mata.

Da muka gama, a ajin nan namu muka fara nunawa, da rana tsaka. Muka toshe tagogi da zannuwa, muka tayar da janareto, muka gayyato iyaye da maƙwabta. Zafi kamar a gasa mutum. Ni na tsaya a bakin ƙofa don in samu hanyar gudu. Da aka zo wurin nan na rasuwa, na rufe ido ina saurare. Ba abin da na ji sai ƙarar janareto, sai wata tsohuwa 'yar Eggon mai sayar da kunu da ta fyace hanci da bakin zaninta. Da aka buɗe tagogi wani dattijo ya riƙe hannuna ya tambaye ni ko kawun nan ya samu sayar da gonar daga baya, domin shi bai yarda da shi ba.

Muka yanka shi kashi-kashi muka sa a intanet. Makon farko mu kaɗai muke kallo. Daga baya saƙonni suka fara shigowa daga Akwanga, daga Keffi, daga Makurdi da Wukari da Kafanchan, har daga wani zango a Gana. Kusan abu ɗaya suke faɗa, cewa haka ake magana a gidansu, kuma ba su taɓa jin an yi kuka da irin bakinsu a fim ba.

Babana bai zo ajin ba, kuma ban san ko ya taɓa kallo ba, ban tambaye shi ba. A hankali 'yan dako suka samu wani abin yi wa ihu, shi kuma ya koma yin cinikinsa da kansa. Amma maganar nan tasa bai sake faɗinta ba har yau. Yakan miƙa doyar kawai da hannu biyu ya yi shiru. Ni na raba shi da maganar nan, kuma ba ni da hanyar mayar masa.

Ina wanke mashin a bakin rafi wata mata ta kira ni. Ta ce ita furodusa ce a Kaduna, ta kalli fim ɗinmu har ƙarshe a wayar mai yi mata kitso. Tana da labarin wani malamin gona da aka tura aiki wani gari ya kamu da son 'yar mai gidan da yake haya, kuma tana so in fito a malamin. Kafin ta gama na ce, "Hajiya, da muryar wa?" Ta yi dariya ta ce da tawa mana, ta wa kuma. Na ce to malamin ɗan ina ne? Ta ce ba a rubuta ba. Na ce a rubuta ɗan Lafia ne. Ta ce to, an rubuta.

Ranar farko a wurin ɗauka na gane ba kowa ta gaya wa ba. Akwai wani mai riƙe da takardun labari, aikinsa ya tabbatar kowa ya faɗi abin da aka rubuta. Na fara magana da jarumar, na ce mata, "Ruwan garinku yana da daɗi, amma hanya ya lalace." Ya ɗaga hannu ya ce, "Ta lalace." Aka sake, na faɗa yadda na faɗa, ya sake gyarawa. A karo na uku ya juya wurin ma'aikata ya ce haka za mu wuni, an kawo mana wanda sai an koya masa magana. Jarumar ta rufe baki da mayafi.

Na miƙa hannu na ce ya ba ni takardar. Na duba shafin sau ɗaya na mayar masa. Sannan na tsaya na zuba masa shafin gaba ɗaya, nawa da na jarumar, da Hausar da ko mai karanta labarai ba zai samu abin cirewa ba, har da jan wasali irin na cikin birnin Kano.

Ya ce, "To ai ka iya. Me ya hana ka tun ɗazu?"

Na ce, "Malam, duba shafin farko. Mutumin nan ɗan ina ne?"

Ya buɗe ya duba. Hajiya tana zaune a ƙarƙashin bishiya tana shan ruwan leda, ta ɗago ta ce, "Ku bar shi ya yi aikinsa, rana tana tafiya." Jarumar ta sauke mayafinta. Da aka zo wurin da zan yi mata sallama a tasha, a ƙarshen labarin, ba a sa mata komai a ido ba ta yi hawaye.

Fim ɗin ya fita, ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Wasu sun kira gidajen rediyo suna cewa ina lalata wa yara harshe. Da aka tambaye ni na ce yaran garinmu ba daga wurina suka ji shi ba, daga bakin iyayensu suka ji, kuma iyayen nan ba lalatattu ba ne. Bayansa na ja wasu finafinai uku. A ɗaya na fito ɗan kasuwar Kano, na yi Hausar Kano daga farko har ƙarshe, domin mutumin can ɗan Kano ne, kuma aikina ke nan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce bakin garinmu na wawa ne kaɗai, ko a rufe mini baki a buɗe na wani.

Yanzu duk takardar aiki da aka kawo mini, sai an rubuta a ciki cewa ba za a ɗora wata murya a kan tawa ba. Wasu suna rubutawa ba musu. Wasu suna cewa ina da taurin kai, kuma akwai ofisoshin da har yau ba a ambaton sunana a cikinsu. A watan jiya wani kamfani ya aiko mini da babban aiki, irin wanda nake mafarki tun ina kan mashin. Na karanta har shafi na ƙarshe, na ga sun bar wa kansu damar sauya murya in sun ga dama. Na kira wakilinsu na ce a cire layin. Ya ce ƙa'idarsu ce, kowa yana sa hannu a haka, kuma da wuya su yi amfani da ita. Na ce in da wuya su yi amfani da ita, ai ba wuya su cire ta. Ya ce zai tuntuɓi manyansa. Na jira kwana goma, ba su cire ba, na mayar musu da takardarsu ban sa hannu ba.